Intanet na tauraron ɗan'adam ga masu aikin ceto: wanne za a saya, wa zai ɗauka?

Jagoran Tawaga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamitin ƙungiyarmu ya amince a sayi na'urar intanet ta tauraron ɗan'adam, kuma ni aka ɗora wa kawo shawara kafin zama na gaba. Mu 'yan sa-kai ne, aikinmu neman waɗanda suka ɓata da kwaso waɗanda ambaliya ko haɗari ya rutsa da su. Yawancin wuraren da ake kiranmu, sabis na waya yana ɗaukewa tun kafin mota ta tsaya. Oba-oba kawai muke da su yanzu. Matasanmu sun dage sai ƙaramin farantin intanet na Starlink Mini, wasu na cewa na'urorin kamfanin tauraro na Iridium, wani kuma ya ambaci BGAN, tsarin intanet na kamfanin Inmarsat. Kuɗin da ke hannu ba zai sayi duka ba. Don Allah wanda ya taɓa aiki da ɗaya daga ciki a daji, ba a ofis ba, ya taimaka mana.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ni ban ga abin muhawara a nan ba. Starlink Mini ya fito a 2024, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, faɗinsa kamar na kwamfutar cinya, waifai ɗinsa a jikinsa yake. Ka ajiye shi a fili ya kalli sama, cikin 'yan mintoci ka samu intanet da zai ɗauki kiran bidiyo da taswira da hotuna. Taurarinsu suna wajen kilomita 550 ne daga ƙasa, shi ya sa magana ba ta jinkiri. BGAN kuwa tun 2005 ake fama da shi, gudunsa na yau da kullum bai kai rabin megabit ba. Wa zai zuba kuɗi a wannan yau?

Baba Mai Rediyo:
Ɗana Injiniya, duk abin da ka faɗa haka yake. Tambaya ɗaya gare ni: a ina za a kunna shi? A gindin mota, ko a wurin da aka tsinci mutumin?

Injiniya:
Duk inda ake so Baba, ai a jakar goyo yake shiga.

Baba Mai Rediyo:
Shiga jaka daban, yin aiki daban. Mutum ba a filin ƙwallo yake ɓata ba. A ƙasan kwazazzabo ake samunsa, ko cikin kurmi inda rana ma da ƙyar take taɓa ƙasa, ko a gaɓar kogi ƙarƙashin itatuwa. Farantin nan na Starlink yana son sarari mai faɗi a samansa, domin ba tauraro ɗaya yake riƙewa ba. Suna wucewa a guje, yana sakin wannan yana kama wancan. Reshe ya tare hanya, kira ya yanke.

Na biyu, zangon da yake aiki a kai, tsakanin gigahaz 11 da 14, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi. Mu kuwa yaushe aka fi nemanmu? Lokacin da ake tsuga ruwa. Kamfanonin Iridium da Inmarsat da Thuraya zangonsu yana can ƙasa, wajen gigahaz 1.6, ruwa bai cika damunsu ba. Su ma ba sa ratsa dutse ko rufin gini, kar wani ya ce na ce, amma ƙaramin saƙo yana samun kafar ficewa a inda babban faranti ba zai tsinana komai ba.

Ni a ganina Jagora bai kamata ya tambayi wanne ya fi gudu ba. Ya zauna ya rubuta saƙon da idan bai fita ba rai zai salwanta. Zai ga gajere ne: mun same shi, ga lambobin wurin, yana numfashi, ƙafa ta karye, a turo mutum shida da gadon ɗaukar majinyaci. Wannan bai kai haruffa 160 ba. Na'urar da za ta fitar da shi daga ramin da ake ciki, ita ce ta farko. Sauran duk ƙari ne.

Mai Jirgi:
Baba, a gafarce ni, amma aikin nema ya wuce zamanin saƙon tes. Ni ne mai tuƙa jirgi maras matuƙi a tawagarmu. Tashi ɗaya na kan dawo da hotuna ɗaruruwa, wasu na kyamarar zafin jiki. Idon mutum biyu a sansani ba zai iya tace su ba. Idan akwai intanet mai ƙarfi sai a ɗora su, 'yan uwa da ke gida su raba a tsakaninsu, kowa ya duba nasa yanki, a gano jar riga a cikin ciyawa kafin magariba. Bari in yi muku lissafi da hoto ɗaya mai nauyin megabait 3. A tsohon Iridium GO, 'yar na'urar da ke haɗa wayar hannu da taurarin Iridium, mai gudun kilobit 2.4, zai ci kusan awa uku. A sabon, GO exec, da ke turawa da kilobit 22, kusan minti 18. A BGAN minti ɗaya ko biyu. A Starlink daƙiƙoƙi. Yanzu ku ninka da hoto 400.

Baba Mai Rediyo:
Lissafinka daidai ne. A ina kake tsayawa kana tuƙa jirgin?

Mai Jirgi:
A fili mana, kusa da mota, inda nake ganin sama.

Baba Mai Rediyo:
To ka ga ba mu saɓa ba. Faranti naka ne da na sansani. Ni maganar waɗanda suka shiga da ƙafa nake yi.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri manya, ni sabo ne a harkar. Na ji ana cewa wasu taurarin a tsaye suke, wasu na yawo. Wannan ya shafi wanda za a saya?

Injiniya:
Ya shafa ƙwarai ƙanena. Na Inmarsat, masu ɗauke da BGAN, da na Thuraya suna can nesa, kilomita 35,786 saman tsakiyar duniya. A wannan nisan zagayensu ya yi daidai da juyawar ƙasa, sai ka gan su kamar an kafe su wuri ɗaya. Amfanin haka, da ka saita na'ura ta kama, shi ke nan ta zauna. Illarsa, idan dutse ya shiga tsakaninka da wannan kusurwar, ko kwana za ka yi ba abin da zai sauya, sai dai ka tashi ka canja wuri. Ga jinkiri: saƙo ya hau ya sauko, amsa ta hau ta sauko, fiye da rabin daƙiƙa ya tafi, shi ya sa masu waya suke ta cin karo da maganar juna. Kuma ba sa kai wa can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya.

Iridium taurari 66 ne a nisan kusan kilomita 780, suna bi ta saman ƙuryoyin duniya biyu, suna miƙa wa junansu saƙo a sama, don haka babu inda ba su rufe ba. Kowanne yana ƙetare samanka cikin kamar minti goma. A nan dole in ba Baba gaskiyarsa: idan kana cikin kwazazzabo kana ganin tsagin sama kaɗan, na'urar za ta riƙe saƙon har wani tauraro ya gitta ta tsagin, ta cilla masa. Yana iya ɗaukar mintoci, amma zai fita.

Sabon Shiga:
Na gode Yaya. Thuraya fa? Ita na fi jin sunanta.

Injiniya:
Kamfanin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne. Yana rufe Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya da wani ɓangare na Asiya, ba ya kai wa nahiyar Amurka. Taurarinsa ƙalilan ne. A watan Afrilun 2024 ɗaya daga ciki, Thuraya 3, ya samu matsala, masu amfani da shi a gabashin Asiya da Ostareliya suka rasa sabis. Sun harba sabo a Janairun 2025. Duk wanda zai saya ya fara duba taswirar inda suke rufewa a yau, kar ya dogara da tsohuwar takardar talla.

Baba Mai Rediyo:
Tunda ka kawo wannan, ka cika ladanka ka faɗi na gwaninka. Ranar 24 ga Yulin 2025 Starlink ya ɗauke a faɗin duniya fiye da awa biyu, kamfanin da kansa ya ce matsalar manhaja ce ta cikin gida. Taurari dubbai ba su hana ba. Ba aibata kowa nake ba, kowane kamfani yana da ranarsa. Abin da nake nufi, hanyoyi biyun da tawaga za ta dogara da su kada su zama na gida ɗaya.

Direba:
Kun yi ta maganar sama kun manta da ƙasa. Wuta fa? Ni ne ake tasa da dare idan batir ya mutu, don haka ku saurare ni.

Starlink Mini yana cin wat 25 zuwa 40. Mu ɗauki 30. A yini da kwana, wat-awa 720 ke nan. Babban fawabank irin na wat-awa 100 zai riƙe shi kamar awa uku, idan ma yana iya bayar da wutar da ake so, don kamfanin ya ce a nemi mai fitar da wat 100 ta USB-C. Yawancin na aljihun mutane ba sa kaiwa. Babban faranti na gida kuwa yana cin ninki biyu zuwa uku na wannan, a manta da shi in ba da janareta ba.

Daga batirin mota yana aiki, yana karɓar bolt 12 har zuwa 48. Amma idan waya doguwa ce siririya, wutar tana raguwa a hanya, sai ka ga na'ura tana mutuwa tana tashi, a yi ta zagin tauraro alhali laifin waya ne. A sa gajeriya mai kauri, ko a sa abin ɗaga wuta. Kuma don Allah kar a jona a batirin tayar da mota a kashe inji a tafi. Motar da za ta kai majinyaci asibiti ce. A saya masa batirinsa daban.

Sola tana taimakawa, sai dai allon da aka rubuta wa wat 100 ba ya ba ka 100 ko da rana tsaka, ranar hadari kuwa sai addu'a. Ga inReach Mini 2 can, ƙaramar na'urar saƙo ta kamfanin Garmin mai aiki da taurarin Iridium, giram 100, masu shi sun ce yana kai wa kwana 14 yana tura wurin da kake duk minti goma. A kurmi ba zai kai haka ba don yana wahalar neman sama, amma ko rabi ya yi ai ya gama mana aiki.

Malama Nas:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in faɗi abin da mai duba majinyaci yake so, don na ga ba a tambaye mu ba.

Saƙon tes yana isa a kira ɗauki, amma ba ya isa a yi shawara da likita. Idan ina durƙushe gaban wanda ƙirjinsa ya bugu, hannuwana cikin safar roba da jini, ba zan iya danna haruffa ɗaya bayan ɗaya ba. Murya nake so. In ce ga bugun zuciya, ga numfashi, likita ya ce yi kaza, in ce na yi, ga abin da na gani. Hoto ɗaya na rauni yana da amfani, bidiyo kuwa ban cika buƙatarsa ba. Saboda haka ni da za a bi tawa, tawagar da ke da ma'aikacin lafiya ta riƙe wayar tauraro mai kira, ko GO exec da ke yin kira da ƙaramin intanet. Akwai kuma inReach Messenger Plus na 2024 da ke tura hoto da gajeren saƙon murya, amma wannan aika-in-jira ne, ba hira ba.

Sai abu na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Duk ranar da aka kunna waifai a sansani, kafin ka ce kwabo kalmar sirri ta zaga kowa. Na taɓa ganin hoton gawa ya isa wayar iyalin mamaci kafin jagora ya buɗe baki ya yi musu ta'aziyya. Wani daga cikin masu taimako ne ya ɗora, wai yana neman addu'a. Uwar a waya ta ga ɗanta. Lokacin da babu sabis a daji, dajin ne yake rufa mana asiri. Yanzu in za ku kawo intanet, ku kawo doka tare da shi.

Mai Jirgi:
Anti, wannan laifin mutum ne, ba na na'ura ba.

Malama Nas:
Na sani ƙanena. Amma na'urar ce za a saya, mutumin kuwa muna da shi tuntuni.

Jagoran Tawaga:
Malama, wannan ya shiga cikin takardata. Kalmar sirri a hannun mutum biyu, kuma babu hoton majinyaci ko mamaci da zai fita sai ta hannun jagora.

Hajiya Ma'aji:
Ni ma'ajiya ce a tamu ƙungiyar, kuma abin da zan faɗa ba zai yi wa matasa daɗi ba. Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Mai bayar da gudummawa yana son abin da za a ɗauki hoto da shi ranar miƙawa. Kuɗin wata-wata kuwa babu mai son ji. Shekara ta zagayo, layi ya mutu, na'ura tana cikin akwati tana sheƙi, ranar da aka buƙace ta a kunna ta ce a biya tukuna, a inda babu intanet ɗin da za a biya da shi.

Kafin ku sa hannu ku tambayi mai sayarwa a rubuce: ana iya dakatar da layi a watannin da babu aiki? In an dakatar, minti nawa ko kwana nawa kafin ya dawo? Katin da aka saya yana ƙonewa idan ba a yi amfani da shi ba? Sannan ku san yadda ake lissafin data. BGAN galibi da megabait ake cajinsa. Mun taɓa aron wata na'ura mai irin wannan lissafi, wani ya jona wayarsa, wayar ta ga waifai ta hau sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da ya sani ba. Datar wata guda ta ƙare kafin a gama kafa tanti. Duk na'urar da ake biya da awo, kwamfuta ɗaya tak za a jona mata, a kashe mata duk wani sabuntawa.

Injiniya:
Hajiya, wannan ai hujja ce a gare ni. Da Starlink ne wayar ta sha ta ƙoshi ba wanda zai ji.

Hajiya Ma'aji:
Ya danganta da tsarin da ka biya, ɗana. Na tafi-da-gidanka akwai mai iyaka. Kuma ko mara iyaka ne, mutum talatin suna kallon bidiyo, Mai Jirgi yana jiran hotunansa su hau.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne yake kai mutum ofishin 'yan sanda: izini.

Na'ura ta iya kama tauraro a wuri ba ya nufin doka ta yarda a kunna ta a wurin. Starlink sai ƙasa ta ba shi lasisi yake da izinin aiki a cikinta. Lokacin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, Elon Musk, shugaban kamfanin da ya mallaki Starlink, ya yi tayin tura shi, amma ba shi da lasisi a Turkiyya a lokacin, hukumomi kuma ba su karɓi tayin ba. A Indiya an haramta wayoyin Thuraya da Iridium ba tare da izini ba, an kuma sha tsare matafiya a filin jirgi saboda ɗan inReach da ke cikin jakarsu. A yankunan da ake rikici, soja ya ga faranti ko waya mai doguwar eriya a hannunka, bayanin da za ka yi yana da yawa. Ku sanar da hukumar sadarwa da jami'an tsaron yankinku tun ana zaman lafiya, ku riƙe takardar a cikin akwatin na'urar.

Ga masu ƙetare iyaka, akwai Yarjejeniyar Tampere, da aka amince da ita a ƙasar Finlan a 1998, ta fara aiki a Janairun 2005. Manufarta a sassauta wa kayan sadarwar agaji wajen kwastan da lasisi idan bala'i ya auku. Amma ba kowace ƙasa ce ta shiga ba, kuma sai ƙasar da abin ya shafa ta nemi taimako. Ba takardar wucewa ba ce da za ka nuna wa jami'in kwastan da tsakar dare.

Wani abin kuma, a babban bala'i ba ku kaɗai ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rukunin sadarwar gaggawa da Hukumar Abinci ta Duniya ke jagoranta, ga ƙungiyar Télécoms Sans Frontières ta Faransa da ke wannan aiki tun 1998. Sukan kafa intanet na kowa da kowa a sansanin masu agaji. Sai dai kafin su iso su kafa, kwanakin farko sun wuce, kuma a kwanakin nan ne ake ciro masu rai daga ɓaraguzai. Ku tuna Tonga a Janairun 2022: dutse ya yi aman wuta a teku, wayar intanet ɗaya tilo da ke ƙarƙashin ruwa ta tsinke, aka yi kusan mako biyar kafin a gyara. A kwanakin farko 'yan wayoyin tauraro ne suka riƙe ƙasar gaba ɗaya.

Direba:
Ƙari a kan na Yallaɓai, ga masu hawa jirgin sama: batirin litiyom da ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi, wanda ya wuce 160 kuwa ba ya shiga kayan fasinja sam. Babban batirin sansani a mota zai tafi ko a nemi wani a can.

Sabon Shiga:
Tambaya ta ƙarshe daga ni. Na ga inReach yana da maɓallin SOS. Ke nan idan ɗan tawaga ya shiga matsala sai ya danna, sansani ya ji?

Baba Mai Rediyo:
A'a ɗana, kuma gara da ka tambaya. Maɓallin nan ba sansaninku yake kira ba. Cibiyar kamfanin Garmin yake kai wa, su kuma su nemi hukumar ceto ta ƙasar da kake. Kana iya tayar da hukuma guda alhali abokanka suna bayan tudu. Abin da ake yi, a shirya gajerun saƙonni tun a gida masu zuwa kai tsaye ga jagora da wani mutum a gari: lafiya lau muna ci gaba, mun same shi, muna neman ɗauki. Kowanne yana tafiya da lambobin wuri. SOS a bar shi sai ran da abin ya fi ƙarfin tawaga.

Tunda an zo nan, akwai wata na'urar da ba intanet ba ce amma ya kamata ku san ta. Ita ce 'yar ƙaramar mai kiran ceto a zangon megahaz 406, ta tsarin Cospas-Sarsat. Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyet ne suka kafa shi ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ceton farko da aka yi da shi a Kanada ne a 1982, wani ƙaramin jirgi da ya faɗi. Ba a biyan kuɗin wata, rajista kawai ake yi. Batirinta yana shekaru a ajiye, in an kunna kuma tana kira aƙalla awa 24. Tana kuma fitar da wani siririn sauti a megahaz 121.5 wanda masu nema ke bi idan sun matso. Ba ta hira, ba ta cewa ga abin da ya faru. Amma tawagar da ke shiga ruwa da kwalekwale, ni ba zan bar su su tafi babu ita a jikin rigar ruwa ba.

Mai Jirgi:
Wayoyin hannu ma sun fara. Tun iPhone 14 a 2022 ana tura saƙon gaggawa ta taurarin Globalstar. Nan da 'yan shekaru duk waɗannan ƙananan na'urori za su zama tarihi.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Ba a kowace ƙasa aka buɗe shi ba, kuma sai ka tsaya ka ɗaga waya kana bin tauraro da hannu. Ga wanda ya ɓata alheri ne babba. Ga mai ceto da ke rataye a igiya, wayar da ya yini yana haska hanya da duba taswira da ita ba ita zan jingina rayuwarsa a kai ba.

Jagoran Tawaga:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan kai wa kwamiti. Kashi na farko: ƙananan na'urorin saƙo na Iridium guda biyu ga tawagogin ƙafa, da kuɗin layinsu na shekara biyu a ware a gefe kamar yadda Hajiya ta nuna. Oba-oba suna nan a matsayinsu tsakanin 'yan tawaga. Kashi na biyu, idan kuɗi ya ragu ko aka samu wani tallafi: Starlink Mini a motar sansani da batirinsa daban, bayan mun tabbatar da izini. Wayar kira ta Malama tana kashi na uku. BGAN na ajiye shi.

Injiniya:
Yallaɓai, da girmamawa, ni har yanzu ina ganin an juya abin. Su na'urorin saƙon wa za su aika wa? Jagora yana sansani, sansani babu sabis. Sai dai ku sayi ta uku ku ajiye a hannunsa, su riƙa yi wa juna tes. Da faranti a sansani, yana ganin kowace tawaga tana motsi a kan taswira, yana kiran asibiti, yana kiran hukuma, yana duba hasashen ruwa. Kun ba ƙafafu baki kun bar kai babu kunne.

Baba Mai Rediyo:
Wannan magana ce. Uku za a saya ke nan, ba biyu ba, don suna aika wa junansu kai tsaye. Ko a zaunar da mutum ɗaya a gari inda akwai sabis, shi ne mai karɓa yana rarrabawa. Haka muke yi tun zamanin manyan rediyo.

Injiniya:
Mutumin gari ba ya ganin abin da jagora ke gani, Baba. Kuma kuɗin na'ura uku da layi uku na shekara biyu, a lissafa a gani ko bai kusa kamo faranti ba.

Malama Nas:
Ni dai ban yarda a mayar da wayar kira kashi na uku ba, amma zan bari sai an ga lissafin.

Hajiya Ma'aji:
To a daina gardama da baki. Jagora, ka samo farashi a rubuce na hanyoyin biyu, kowanne da kuɗin layi na wata 24, da batir, da waya, da akwati mai hana ruwa. Ka tambaya ko kuɗin buɗe layi daban yake. In akwai ƙungiyar da ke kusa da ku mai ɗaya daga ciki, ku ara ranar atisaye, ku shiga da shi mafi munin kwazazzabon da kuka sani, Injiniya ya riƙe nasa, wani ya riƙe na Baba, a duba agogo.

Direba:
In za a yi, a zaɓi ranar da hadari ya haɗu. Kuma a gaya mini da wuri in cika batir.